Keke, Kaka da Kilomita Biyar: Tarihin Yawon Shan Iska Daga Kano Zuwa Bangui

Gabatarwa

A birnin Bangui, hedikwatar Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, akwai wata unguwa da ba a raɗa mata sunan sarki ko na waliyyi ba. Da awon hanya ake kiran ta, wato Kilomita Biyar, domin tazarar da ke tsakaninta da tsakiyar birni ke nan. A nan babbar kasuwar birnin take, a nan kuma zuriyar fataken Hausa da Barebari da Fulani da Larabawan Chadi suka yi kaka-gida. Mai tafiya a ƙasa yakan cinye wannan tazara cikin awa guda, mai keke kuwa cikin minti ashirin. Amma an yi wani zamani, ba da daɗewa ba, da saurayin unguwar bai isa ya hau kekensa ya yi wannan 'yar tafiya da tabbacin zai dawo da ransa ba.

Wannan muƙala za ta bi sawun keke da wasannin kaka, tun daga ƙasar Hausa har zuwa gaɓar Kogin Ubangi. Abin da tarihin yake nunawa shi ne, fita shan iska, wanda ake ɗauka ƙaramin al'amari, yana tsaye ne a kan duwatsun murhu uku: rarar abin hannu, da hanya mai biyuwa, da kwanciyar hankali. Duk ranar da ɗaya ya goce, tukunyar takan kife.

Kaka a Wurin Bahaushe

Bahaushe ya kasa shekararsa zuwa bazara da damina da kaka da hunturu, sannan yakan kira dogon lokacin da ba a ruwa da sunan rani. Kaka tana kamawa ne idan ruwa ya ɗauke, wajen watan Oktoba, ta miƙe har zuwa saukar sanyi a ƙarshen Nuwamba. A lokacin an riga an girbe gero, ana cirar gyaɗa da roron wake, dawa da maiwa sun nuna, auduga ta fara fashewa. Rumbuna sukan cika, kasuwannin ƙauye su batse, mai bashi ya biya, mai neman aure ya kai kaya. A zamanin En'e ma a wannan lokaci ake karɓar haraji, domin hukuma ta san sa'ad da talaka yake da kuɗi.

Tun da an ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, a kaka ne wasanni suke farfaɗowa. Samari da 'yan mata sukan shirya kalankuwa, 'yan dambe su bi garuruwa da makaɗansu, 'yan kokawa su kafa fage, Fulani su yi sharo, mafarauta kuma su fara shirin shiga daji da zarar ciyawa ta bushe. Gonar da aka girbe ita ce filin wasa, farin wata shi ne fitila. Jamhuriyar Nijar ta ɗaga wannan al'ada zuwa matsayin gasar ƙasa a 1975, lokacin da aka yi kokawar neman takobi ta farko a Tawa, kuma har yau bayan an kawar da amfanin gona ake gudanar da ita.

A nan akwai abin lura ga mai nazarin fassara. Da kalmar kaka ake fassara lokacin nan na Turai da ganyaye suke zubewa, daga Satumba zuwa Nuwamba. Watannin sun yi kusa da juna, ma'anar kuwa ta sha bamban. A Turai lokaci ne na naɗe tabarma: yini yana gajarta, sanyi yana matsowa, masu tseren keke suna rufe shekararsu. Tseren Lombardiya na ƙasar Italiya, wanda aka fara a 1905 kuma ake yi a watan Oktoba, laƙabinsa ma na zubar ganye ne. A ƙasar Hausa kuwa kaka ita ce buɗe fage.

Keke: Kalmar da Ƙirar

Kalmar keke, jam'inta kekuna, ta fi abin hawa mai ƙafa biyu faɗi. Bahaushe yana da keken ɗinki da keken rubutu da keken guragu da keken shanu, sannan a wannan zamani ga Keke Napep, wanda Kanawa suke kira a-daidaita-sahu. Abin da ya haɗa su shi ne gargare ko wani ƙarfe mai juyawa. Masana harshe da dama suna danganta asalin kalmar da Yarabanci, abin da ya dace da hanyar da kayan Turawa suka biyo daga Ikko zuwa Arewa. Akwai kuma basukur, wadda aka aro daga Ingilishi, tsofaffi ne suka fi amfani da ita. Sunayen sassan keke su ma tarihi ne a dunƙule. Feda da birki da cen da kariya da taya da faci duk aro ne, amma wurin zama sai aka ba shi sunan sirdi, aka ce an hau keke, an yi goyo a kansa. Ke nan da idon mahayin doki Bahaushe ya fara kallon wannan baƙon ƙarfe.

Keken da aka sani yau, mai ƙafafu biyu daidai wa daida da sarƙar da ke juya ƙafar baya, John Kemp Starley ne ya fito da shi a birnin Coventry na Ingila a 1885. Bayan shekara uku, a 1888, wani likitan dabbobi mazaunin Belfast mai suna John Boyd Dunlop ya yi rajistar tayar roba da ake hura wa iska. A 1891 kamfanin Michelin na Faransa ya fito da tayar da ake iya cirewa a yi mata faci a mayar. Waɗannan abubuwa uku suka mayar da keke abin hawan kowa, har Turai da Amurka suka shiga haukan sayensa a shekarun 1890. A riƙe wannan batu na roba, domin zai sake ɓullowa idan an isa Ubangi.

Keke da Kuɗin Gyaɗa

Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa sun sa ran auduga za su riƙa kwasa, sai manoman Kano suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa. Daga nan aka shiga zamanin da ya haifar da dalar gyaɗa da manyan attajirai irin su Alhassan Ɗantata (1877–1955). Jirgin da ya tafi da buhunan gyaɗa shi ne yake dawowa da atamfa da kwanon rufi da fitilar ƙwai da kekuna. Kamfanonin Turawa, musamman UAC da aka kafa a 1929, su suke sayen amfanin gona, su ne kuma suke sayar da kayan da za a kashe kuɗin a kansu.

Saboda haka cinikin keke ya ɗaure da kaka. Manomin da gyaɗarsa ta yi kyau yakan fito daga wurin awo ya zarce kanti. Keken Raleigh, wanda ake ƙerawa a Nottingham tun ƙarshen shekarun 1880, shi ya zama sarki, har wani tallansa da ya nuna mahayi yana tsere wa zaki ya shahara a faɗin Afirka ta Yamma. Daga baya kamfanin ya kafa masana'anta a Kano, kafin kekunan Phoenix na Sin da Hero na Indiya su cika kasuwa da sauƙin kuɗinsu.

Da farko keke alamar muƙami ne, abin hawan malamin makaranta da ɗan doka da duba-gari da akawu. Sannu a hankali ya sauko hannun ɗan koli da mai kai madara da manomi, ya zama jakin da ba ya cin dusa. Ta fuskar nishaɗi kuwa, sana'ar bayar da hayar keke ita ta kai shi ga yara. Yaro yakan tara kwabbansa ya karɓi haya na ɗan lokaci, idan ƙafarsa ba ta kai feda daga kan sirdi sai ya zura ta ta ƙarƙashin ƙarfe ya tuƙa a karkace. Samari sukan ƙawata nasu da madubai da tuntaye da ƙararrawa, su tafi zance ko kallon dambe a ƙauyen da a da sai an kwana a hanya. Kaka ce take ba da damar haka, domin taɓon damina ya bushe, yashin rani bai riga ya tashi ba, aljihu kuma da nauyi. Fari na 1973 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 sun karya wannan tsari, kuɗin man fetur kuma suka kawo babur. Daga nan darajar keke ta fara raguwa a birane, ko da yake bai bar ƙauye ba.

Yadda Hausawa Suka Isa Ubangi

Tun kafin keke ya zo, ƙafar Bahaushe ta riga ta yi nisa. Jihadin da Modibbo Adama ya jagoranta daga 1809 ya kafa masarautar Adamawa, wadda ta mayar da Yola hedikwatarta a 1841. Daga garin Ngaundare, a ƙasar Kamaru ta yanzu, fatake suka riƙa gangarawa kudu maso gabas ta zangon Kunde zuwa ƙasar Gbaya da kwarin Kogin Sangha, suna kai tufafi da kanwa da duwatsun ado, suna sayo hauren giwa da goro. Cinikin bayi ma yana cikin wannan fatauci, kuma tabon da ya bari a zukatan mutanen yankin bai gama warkewa ba. Wata hanyar kuma ita ce ta alhazan ƙasa, masu bi ta Barno da Chadi zuwa Sudan, waɗanda da yawansu suka yada zango a hanya, zangon ya zama gida.

Faransawa sun kafa sansaninsu na Bangui ranar 26 ga Yuni, 1889, a daidai inda duwatsu suke tare jiragen ruwa masu haurowa Kogin Ubangi. Garin ya zama hedikwatar yankin mulkin mallaka na Ubangi-Shari. Kamar yadda aka yi a sauran biranen mulkin mallaka, Turawa suka keɓe wa kansu bakin kogi, 'yan ƙasa da baƙi 'yan Afirka kuma aka tura su baya. Ana auna nisan kowane wuri daga wani shatale-tale na tsakiyar gari, shi ya sa ake da Kilomita Biyar da Kilomita Tara da Kilomita Goma Sha Biyu. A takardun hukuma PK5 ake rubutawa.

Titin Barthélemy Boganda shi ya haɗa tsakiyar birni da Kilomita Biyar, wadda take cikin gunduma ta uku. A cikinta akwai kasuwar Mamadou Mbaïki da babban masallacin Bangui da titin Koudoukou, da ƙananan unguwanni masu ɗauke da sunayen mutanen Senegal da na Kamaru, shaidar cewa matattarar baƙi ce tun asali. Ƙasar ba ta da teku kuma ba ta da layin dogo, don haka yawancin hajar da take shigowa a mota take tahowa daga tashar Duwala, ta bi ta Garoua-Boulaï da Bouar, tafiyar kusan kilomita 1,400. Kaso mai yawa na wannan haja a Kilomita Biyar ake sauke shi, kama daga yadi da sukari har kayan gyaran keke da babur. Sango shi ne harshen ciniki na kowa da kowa, ana kuma jin Hausa da Fulatanci da Larabcin Chadi. Musulmi da Kirista sun daɗe suna zaune a gundumar, kuma shekaru da dama nan ne mutanen Bangui suke zuwa neman gidajen silima da na rawa da gasasshen nama idan dare ya yi.

Bashin Roba

Kafin mutumin Ubangi ya ga keke da idonsa, ya riga ya biya kuɗin tayarsa da jininsa. Buƙatar roba da kekuna suka tayar, wadda motoci suka zo suka ninka, ta sa idon Turai ya koma kan dazuzzukan tsakiyar Afirka, inda ake tatsar ƙaron roba daga wasu kurangun daji da itatuwa. A 1899 gwamnatin Faransa ta yanka yankin Kwango da Ubangi ta raba wa kamfanoni kusan 40, kowanne da ikon mallakar abin da dajinsa ya ƙunsa. Aka ɗora wa mutane harajin da ba su da hanyar biya sai da roba, kamfanin kuma shi yake yanke farashi.

Don a tilasta wa maza shiga daji, akan kama matansu da 'ya'yansu a tsare. A 1904 an kulle wasu mata da yara da aka kwaso daga yankin Mongoumba a wani ɗaki a Bangui, fiye da 40 daga cikinsu suka mutu. Irin wannan labari ya sa aka aiko Pierre Savorgnan de Brazza bincike a 1905. Ya rasu a Dakar a kan hanyarsa ta komawa, aka kuma danne rahoton. Bayan shekara ashirin marubucin nan André Gide ya ratsa yankin, ya tarar ba a daina ba, ya fallasa kamfanin gandun daji na Sangha-Ubangi a littafin tafiyarsa da ya fito a 1927. A shekarar da ta biyo baya tawayen Kongo-Wara ya ɓarke a ƙasar Gbaya ƙarƙashin jagorancin Karnu, aka ɗauki shekaru kafin a murƙushe shi. Barthélemy Boganda, uban 'yancin ƙasar, wanda titin Kilomita Biyar yake ɗauke da sunansa, ɗan yankin Lobaye ne mai arzikin roba, kuma an ruwaito cewa dogaran kamfani ne suka yi wa mahaifiyarsa dukan da ya zama ajalinta.

Hanyoyin da keke ya samu ya bi su ma da gumin talaka aka yi su. Gwamna Auguste Lamblin, wanda ya riƙe Ubangi-Shari daga ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya zuwa ƙarshen shekarun 1920, ya sa an share dubban kilomitoci na hanyoyin jar ƙasa don a rage ɗaukar kaya a ka. A tsakiyar shekarun 1920 kuma aka shigo da noman auduga na dole, wanda Félix Éboué yake cikin jami'an da suka yaɗa shi. Kamar gyaɗa a Kano, auduga da gahawa suka zama hanyar da kuɗi suke shiga hannun manomi sau ɗaya a shekara, ɗan kasuwa kuma ya biyo shi da haja har ƙauye. Bambancin shi ne, manomin Kano shi ya zaɓi gyaɗa don ya ga riba, na Ubangi kuwa umarni aka ba shi.

Kakar Bangui

Bahaushen da ya zauna a Bangui dole ya sake lissafin shekararsa. Kano tana wajen digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, Bangui kuwa ba ta kai digiri 5 ba. Ruwan da yake sauka a Bangui ya kai kimanin milimita 1,500 a shekara, kuma watan Oktoba, da ake shanya gyaɗa a Kano, yana cikin watannin da ruwa ya fi ƙarfi a can. A lokacin ne Kogin Ubangi yake cika ya tumbatsa, kamar yadda ya yi a Oktoban 2019 ya raba dubban mutane da gidajensu. Titunan unguwanni na jar ƙasa sukan koma taɓo, tayar keke ta riƙa nutsewa. Bugu da ƙari, rogo shi ne abincin yau da kullum, shi kuwa ba shi da ranar girbi guda, a gona ake barin sa a riƙa tona gwargwadon buƙata. Don haka babu rumbun da zai cika a rana ɗaya har a ce ga lokacin biki ya zo.

Abin da ya yi kama da kakar Hausa yana zuwa ne a makare, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Disamba, sa'ad da ruwa ya ja baya, hanyoyi suka bushe. Buɗe wannan fage ya dace da ranar 1 ga Disamba, ranar da aka shelanta kafa jamhuriya a 1958, kafin cikakken 'yanci na 13 ga Agusta, 1960. A wannan rana akan yi fareti, sannan jama'a su yi dafifi a bakin kogi don kallon tseren kwalekwale, inda dogayen jirage masu ɗauke da matuƙa da yawa suke fafatawa. Wannan shi ne babban wasan sarari na Bangui, matsayinsa kamar na kokawa a Nijar.

Mai son fita bayan gari yana da hanyoyin kwalta ƙalilan. Ta kudu maso yamma akwai hanyar Mbaïki mai ratsa daji. Ta arewa kuma, a Kilomita Goma Sha Biyu hanya ta rabu biyu, ɗaya ta nufi Damara da Sibut, ɗaya ta nufi Boali, inda ruwan Kogin Mbali yake zubowa daga tsayin kusan mita 50. Wurin bai kai kilomita 100 daga birni ba, shi ne wurin yawon buɗe ido mafi shahara a ƙasar, daga nan kuma Bangui take samun wutar lantarki.

Tseren keke na gasa ya shigo ƙasashen rainon Faransa tare da Faransawa, waɗanda suka fara babban zagayen ƙasarsu a 1903. Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta tura 'yan tseren keke zuwa wasannin Olamfik na Barcelona a 1992, amma ƙwallon kwando ce ta ɗaga sunanta, domin ta ci kofin Afirka a 1974 da 1987. Inda tseren keke ya yi saiwa sosai, kamar Burkina Faso, za a tarar an daidaita shi da kaka. Zagayen Faso, wanda aka fara a 1987, a ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba ake yin sa, bayan ɗaukewar ruwa. A watan Satumba na 2025 kuma birnin Kigali na Ruwanda ya karɓi gasar tseren keke ta duniya, karo na farko a nahiyar Afirka. Ƙasar da ta fita daga kisan ƙare dangi na 1994 ita ce ta yi wannan, abin da yake nuna yadda wasan yake bin sawun hanya mai kyau da zaman lafiya.

Shekarun Kulle

Ranar 24 ga Maris, 2013, 'yan tawayen Seleka, waɗanda yawancinsu Musulmi ne daga arewa maso gabas tare da sojojin haya na Chadi da Sudan, suka ƙwace Bangui, suka kori Shugaba François Bozizé, Michel Djotodia ya hau mulki. Watannin da suka biyo baya sun cika da kisa da kwasar ganima, waɗanda suka fi shafar unguwannin da ba na Musulmi ba. Ranar 5 ga Disamba, kwana huɗu bayan ranar jamhuriya, mayaƙan Anti-balaka suka afka wa birnin, aka kashe ɗaruruwan mutane cikin 'yan kwanaki. Da Djotodia ya sauka a Janairun 2014, ramuwar gayya ta faɗa kan duk wani Musulmi, ko yana da hannu ko ba shi da shi. Aka rushe masallatai, ayarin manyan motoci suka kwashe dubban mutane zuwa Chadi da Kamaru, cikinsu har da waɗanda kakanninsu a Bangui aka haife su. Najeriya da Nijar da Mali da Senegal suka aiko jirage suka ɗebi nasu.

Waɗanda suka rage suka taru a Kilomita Biyar, unguwar ta zama kurkuku marar katanga. Rahotannin 2015 sun ƙiyasta Musulmin da suka saura a wurin da kimanin 15,000, daga fiye da 100,000 da suke birnin kafin rikici. Kewayen unguwar ya zama kufai, kuma tsallake shi na iya zama ajalin mutum. Hatta maƙabartar Musulmi da ke unguwar Boeing, kusa da filin jirgin sama, ta gagara zuwa. Maƙwabta Kirista su ma ba su tsira ba, domin an kai wa cocin Fatima da ke gefen unguwar mummunan hari a Mayun 2014, aka sake kai wani a Mayun 2018. A ƙarshen Satumban 2015, gawar wani matashi ɗan acaɓa Musulmi da aka tsinta ita ta tayar da tarzomar da ta ci rayuka masu yawa. A irin wannan hali babu mai zancen kallon tseren kwalekwale ko zuwa Boali. Duniyar yaron unguwar ta tsaya a iyakar 'yan layukan da zai iya gara taya a cikinsu.

Ranar 30 ga Nuwamba, 2015, Fafaroma Francis ya shiga Kilomita Biyar, ya ziyarci babban masallaci, Liman Tidiani Moussa Naibi ya tarbe shi. Da ya fito zai tafi filin wasa na Boganda, sai matasan unguwar suka hau babura suka rufa masa baya, suka bi titin da suka daɗe ba su taka ba. Waɗanda suka ga abin sun ba da labarin yadda mutane suka riƙa rungumar juna a hanya. A Fabrairun 2016 mutanen Kilomita Biyar da na Boeing suka sa hannu a yarjejeniyar da ta sake buɗe hanyar maƙabarta. Wahala ba ta ƙare nan take ba, domin ƙungiyoyin da suka ɗauki makamai da sunan kare unguwa sun juya suna tatsar 'yan kasuwa, har sai da 'yan kasuwar suka yi musu bore a Disamban 2019, aka yi asarar rayuka, sannan 'yan sanda da dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya suka samu damar zama a unguwar.

Kammalawa

Tarihin keke tsakanin Kano da Bangui ya nuna fuskoki uku na abu guda. A Kano, kuɗin gyaɗa da busasshiyar hanyar kaka sun mayar da shi abin more rayuwa ga talaka. A Ubangi, tun kafin a hau shi an sha azabar robarsa, hanyoyinsa kuma da aikin tilas aka share su. A Kilomita Biyar ta shekarun 2014 da 2015, ga keke ga babur a kasuwa, ga kwalta shimfiɗe har bakin kogi, amma babu mai iya hawa ya fita. Dutse na uku na murhun ne ya goce, sauran biyun kuma ba su hana tukunya kifewa ba.

Masu nazarin al'ada sukan karkasa wasanni zuwa na yara da na manya, na damina da na kaka, su tsaya nan. Labarin wannan unguwa yana ƙara musu wata tambaya da ya kamata a yi wa kowane wasa: wa yake da halin zuwa, ta wace hanya zai bi, kuma zai dawo gida lafiya? Tambayar ba ta Bangui kaɗai ba ce. A sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato akwai ƙauyukan da 'yan bindiga suka hana noma da cin kasuwa, fagen dambe da dandalin kalankuwa suka zama wayam ko da kaka ta yi kyau. Bahaushe ya ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Ma'auninsa mafi sauƙi shi ne a ga yaro ya karɓi hayar keke da la'asar, ya fita bayan gari, uwarsa kuma ba ta tsaya a bakin ƙofa tana jiran dawowarsa da fargaba ba.